Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate: A Duba Yaro Tukuna, Rasit Ya Biyo Baya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka sannu da aiki. Ni malamin firamare ne a wani gari da ke kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Ina da 'ya'ya, ɗaya daga cikinsu, yarinya 'yar shekara shida, tana fama da cutar sikila. Na rubuto maka a fili ne don in yi magana da bakin iyayen da muke haɗuwa da su a barandar asibiti, waɗanda akasarinsu ko sunanka ba su sani ba, balle su san ta inda za su aiko maka da kuka.

Akwai doka a ƙasar nan, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 20 na dokar ya hana kowane asibiti da kowane ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mutumin da ke buƙatar taimakon gaggawa, ko mene ne dalili, har ya tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya saɓa. Dokar nan ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, aka keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun domin jinyar gaggawa. Ka fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba. Abin da nake so in nuna maka shi ne yadda dokar take zama idan ta iso ƙofar sashen gaggawa na yara da tsakar dare.

Ba wanda zai dube ka ya ce ba zai duba ɗanka ba. Takarda kawai za a miƙo maka.

A ciwon da ya fi ba mu tsoro, yarinyar ta wuni tana kukan ƙafa da baya, muna ta ba ta ruwa da maganin rage zafi kamar yadda aka koya mana. Da dare ya yi sai kukan ya ragu, wanda duk mai ɗan sikila ya san ba alamar sauƙi ba ce. Mahaifiyarta ta buɗe tafin hannunta a gaban fitila, fari fat, idanu sun yi rawaya, gefen cikinta na hagu ya yi tauri. Maƙwabcina mai mota ya ce ga mota nan, amma babu mai a ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kai mara lafiya asibiti da dare shi kansa ya zama wani abin lissafi. Muka sayi mai a wurin 'yan bumburutu, muka kama hanya.

A asibitin, wanda na gwamnati ne, aka ce a yanki kati. Wurin biyan kuɗi yana can wani gini daban. Na je, aka ce sabis ya ɗauke, sai tsabar kuɗi. Na fita bakin ƙofa wurin mai POS, ya ciri nasa ladan, na dawo na biya, na kai rasit, aka ba ni kati. Likita ya duba ta, ya rubuta gwajin jini. Na koma wurin biya. Na kai rasit ɗakin gwaji. Kafin sakamako ya fito nas ta miƙo mini wata takardar: kanula, sirinji, safar hannu, filasta, auduga, ruwa leda biyu, allurar kashe zafi, allurar zazzaɓin cizon sauro. A kantin magani na asibitin aka yi wa rabin takardar alama da biro, aka ce sauran babu, in duba waje. Kemis ɗin da ke buɗe a wannan lokaci ya san ba ka da zaɓi, farashin da ya faɗa shi ne farashi. Duk wannan zirga-zirga da nake yi, yarinyar tana kwance a kan cinyar uwarta a benci, ba abin da aka sa mata, don abin da za a sa matan yana hannuna a cikin leda, ina tsallaka titi da shi.

Da sakamako ya fito aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an yi mata ƙari yanzu-yanzu. Akwai jini a ajiye? Akwai, amma sai ka kawo wanda zai ba da nasa a madadi, sannan ka biya kuɗin leda da kuɗin tantancewa. Nawa bai yi daidai ba, kuma aka ce ni ma ban cika isasshe ba. A bakin ƙofar asibiti akwai samarin da ke zaune ba su da sana'ar da ta wuce jiran irina, suna sayar da jininsu, wasu ka gan su ka san su ma ƙarin suke buƙata. Allah ya taimake ni ƙanina ya ɗaga waya, ya hau babur ya zo. Ana cikin neman jijiya wuta ta ɗauke. Na ga nas ɗin nan ta kunna fitilar wayarta, ta cije wayar a baki, ta riƙe hannun yarinyar da hannu ɗaya, tana laluben jijiya da ɗayan, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Ta samu. Allah ya saka mata da alheri.

'Yata ta tashi, alhamdu lillahi. Abin da ya ci a wannan kwanciya ya wuce albashina na wata, sai da na karɓi adashin da ba zagayena ba ne, mahaifiyarta kuma ta sayar da tunkiyarta. Amma ni ina da albashi, ina da ƙane mai babur, ina iya karanta rubutun likita. A gadon da ke kusa da namu akwai wata baiwar Allah daga ƙauye, ɗanta yana ta jijjiga saboda zazzaɓi ya hau masa kai. Kuɗinta a ƙulle suke a bakin zane. Duk takardar da aka miƙo mata sai ta kwance ƙullin, ta ƙirga, ta tambayi nas wanne ne ya fi muhimmanci a ciki, don ba za ta iya sayen duka ba. Mijin ya koma gida neman wanda zai sayi buhun gero. Da gari ya waye kuɗin suka ƙare, ta ce a sallame su. Aka kawo takardar da ke nuna da ra'ayinta ta tafi, ta dangwala yatsa, ta goya shi, ta fita. A rajistar asibiti za a rubuta cewa uwa ce ta ƙi jinya.

Ranka ya daɗe, ba ƙarar ma'aikata na kawo ba. Akwai masu tsawa a cikinsu, akwai masu kallon talaka a wulaƙance, wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a tsawata musu. Amma wanda ya kwana a ɗakin ya ga mutum biyu suna kula da gadaje cike da yara, wasu biyu-biyu a gado ɗaya, zai rage zargi. Kai da bakinka ka sha faɗin cewa dubban likitocinmu sun bar ƙasar zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya da sauran wurare. Waɗanda suka rage su ne ke karɓar fushin da ya kamata a kai wani wuri. Na ga likitan da ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya saya wa wani yaro ruwa. Ba za a gina lafiyar 'ya'yan ƙasa a kan aljihun ƙaramin likita ba.

Maganar da aka fi yi mana a asibiti ita ce: "Me ya sa ba ku kawo shi da wuri ba?" Jami'ai ma idan sun hau rediyo haka suke cewa, wai jahilci ne, wai mutanenmu sun fi yarda da kemis da mai maganin gargajiya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ban musa ba. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uban da ya ga jikin ɗansa ya yi zafi ba ya rasa sanin hanyar asibiti. Lissafi yake yi. Ya san a kemis ɗin unguwa za a ba shi magani gwargwadon kuɗinsa, ƙwaya uku in uku yake iya saye, har bashi za a ba shi don an san shi. Ya san a asibiti ba a san ranar fita ba, ba a san jimillar kuɗi ba, kuma duk kwanan da ya yi a can kwana ne da bai fita nema ba, sauran yaran gida kuma suna jiran abinci. Sai ya ce bari a gwada na kemis zuwa gobe. Goben nan ce take cinye mana yara. Fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, kuma mafi yawan jama'a ko albashin ba su da shi.

Ga kuma tsadar magani. Bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a 2023, kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa a ƙasar nan, wasu magungunan da iyaye suka saba da su, irin su Augmentin da abin shaƙa na masu asma, suka yi tashin gwauron zabi. Na ji labarin umarnin da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a 2024 na cire haraji a kan kayan haɗa magani. Mataki ne mai kyau. A kemis ɗin garinmu dai har yau muna jiran isowarsa.

Alƙaluman ma'aikatarka sun san abin da nake faɗa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. A Arewa maso Yamma adadin 187 ne, wato kusan yaro ɗaya cikin biyar. Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna na ƙasa baki ɗaya ya sauko zuwa 110. An ci gaba, amma har yanzu muna cikin na ƙarshe-ƙarshe a duniya. Kuma abubuwan da ke kashe yaran nan ba baƙi ba ne: zazzaɓin cizon sauro, wanda kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Najeriya ne, da gudawa, da ciwon haƙarƙari, da tamowa, da matsalolin jarirai a kwanakin farko. Duk an san maganinsu, kuma ba mai tsada ba ne in gwamnati ce ta saya da yawa.

Za a ce ai akwai inshora. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta wajabta ta a kan kowa, ta kuma kafa asusun marasa galihu, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu a cikinsa. Zuwa yanzu waɗanda ke cikin kowane irin tsarin inshora ba su wuce mutum ɗaya cikin goma ba. Ni ina cikinsu, ana cire mini kuɗi a albashi duk wata. Idan zazzaɓi ne ko mura, katin yana aiki, ban raina ba. Ranar da abin ya yi tsanani kuwa, ranar da ake buƙatarsa da gaske, sai ka ji "wannan ba ya cikin tsari," ko "yana ciki amma babu shi a kanti," ko "sai an kawo lambar amincewa," alhali ofishin da ke ba da lambar ya tashi tun la'asar. Baiwar Allah ɗin nan mai ƙullin zane kuwa, wadda dominta aka kafa asusun marasa galihu, ko labarinsa ba ta taɓa ji ba. Na tambaye ta.

Bari in ɗan tsaya a kan sikila, don nan ne gyambona yake. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasin ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu yana ɗauke da rabin ƙwayar ba tare da ciwo ba. Idan masu AS biyu, wato masu rabin ƙwayar, suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Lokacin aurenmu ba a maganar gwaji a garinmu. Yanzu an fara farkawa, Jihar Kano ma ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, malamai suna faɗakarwa a masallatai. Madalla. To waɗanda aka riga aka haifa fa? Mafi yawan iyaye ba sa sanin ɗansu yana da sikila sai hannuwa da ƙafafu sun fara kumbura, ko sai an kai shi ƙarin jini na farko, ko sai bayan an binne shi an ce iska ce. Gwajin jariri ɗigon jini ne daga diddige. Da an gane da wuri, aka ɗora yaro a kan folik asid da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da penisilin, aka cika masa allurar rigakafi, da yawa za su rayu.

Akwai kuma maganin hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashin ciwon da yawan buƙatar ƙarin jini. Ba labarin Turai ba ne. A Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin birnin, likitocinmu da abokan aikinsu na Amurka suka yi binciken da ya nuna cewa idan aka yi wa yara masu sikila hoton jijiyoyin kai aka gano waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, maganin nan yana kare su. An buga sakamakon a manyan mujallun likitanci na duniya. Da 'ya'yanmu aka gano wannan ilimi, amma uban da ke ƙauye sai ya yi tafiya zuwa birni ya saya da kuɗinsa, wata ya samu, wata ya tsallake, ga gwajin jinin da dole a riƙa yi wa mai shansa. Sannan duk wani rangwame da ake maganar yi wa yara yana tsayawa ne a shekara biyar. Sikila ba ta san yarinya ta cika shekara biyar ba. Tawa ta cika shida, ciwon yana nan, rangwamen ya wuce ta.

Muna da dangi a Maraɗi, muna zuwa suna zuwa. Nijar, duk da ƙarancin abin hannunta, ta ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2006, kuma mata suka riƙa kai yara asibiti da wuri saboda tsoron kuɗi ya ragu. Amma 'yan'uwanmu na can za su gaya maka inda gizo ya yi saƙa: gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe, bashi ya taru, kantunan magani suka bushe, aka koma rubuta wa iyaye takarda su saya a waje. Mu ma a jihohinmu mun sha jin gwamnoni suna shelar magani kyauta ga mata da yara, a yi biki, a yanke kyalle, bayan 'yan watanni ka je ka tarar da katin ne kawai kyauta. Saboda haka ba shela nake roƙo ba, mun ƙoshi da ita.

Ban manta da abin da aka yi ba. An fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024. An ƙara yawan kuɗin da ke zuwa kai tsaye ga asibitocin sha-ka-tafi. Wanda ya fi jan hankalina shi ne shirin da ka sanar a watan Nuwambar 2024 na yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, inda asibiti zai yi aiki tukuna, hukumar inshora ta biya shi daga baya. Wannan shi ne ainihin abin da nake nema wa yara. In an iya yi wa uwa, a yi wa ɗan da ta haifa. Yaron da aka kawo yana jijjiga, ko numfashi yana sarƙewa, ko jini ya ƙare, ko gudawa ta tsotse shi, a sa masa abin da yake buƙata nan take daga akwatin da ke cikin ɗakin, kanula da ruwa da allura da iskar oksijin da jini, uban yana tsaye a kansa maimakon yana gudu tsakanin gine-gine. Asibiti ya rubuta, asusu ya biya, kuma ya biya a kan lokaci, don ranar da aka fara jinkiri ranar akwatin zai koma fanko. An ce shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS, yana ɗaukar nauyin awa 48 na farko a inda ya fara aiki. To a faɗaɗa shi, kuma a bar yaron da ya iso a kan babur ko a bayan uwarsa ya ci moriyarsa, don a garuruwanmu haka yara suke isowa.

Jini kuma a daina jiran sai yaro yana kan gado sannan a ce uba ya fita farauta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanenmu suna ba da jini in an roƙe su ta hanyar da ta dace. Na ga yadda ƙungiyoyin matasa da 'yan agaji suke cika layi idan liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Abin da ya rage shi ne firjin da wutarsa ba ta ɗaukewa, da kayan tantancewa, da amanar cewa jinin da aka bayar sadaka ba za a sayar wa talaka shi ba. Masu sikila kuma a sa su cikin asusun marasa galihu ba tare da iyakar shekaru ba, hydroxyurea da gwajinsa su sauko aƙalla zuwa babban asibitin kowace ƙaramar hukuma.

Na san amsar da ofishinka zai iya bayarwa: asibitocin jiha na gwamnoni ne, na sha-ka-tafi na jihohi da ƙananan hukumomi ne, Tarayya tana da nata. Haka tsarin yake. Amma kai ne shugaban Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda kwamishinonin lafiya na duk jihohi suke zama, kuma a watan Disambar 2023 gwamnoni sun sa hannu a yarjejeniyar gyaran harkar lafiya tare da Gwamnatin Tarayya. Kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko ta hannunku yake bi. Mai rabon kuɗi yana da bakin gindaya sharaɗi. A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, mu masu masaukin baƙi har yau muna yawo a wajen kashi 5. Wannan yaƙi ne da za ka yi da Ma'aikatar Kuɗi da Majalisa, kuma in ka fito ka yi shi a fili za ka samu iyaye a bayanka.

Akwai abu ɗaya da ba ya jiran kasafin kuɗi, ana iya yin sa a wannan watan. A ba da umarni kowane asibitin da ke karɓar kuɗin asusun nan ya kafa allo a bakin ƙofa, da Hausa da boko da ajami a yankinmu, da harshen kowane yanki a nasu, a rubuta abin da yake kyauta ga yaro, da farashin abin da ba kyauta ba, da abin da sashe na 20 ya ce, da lambar wayar da za a kira idan aka saɓa, lambar da mutum zai ɗauka ko da ƙarfe biyun dare ne. A karanta wannan allo a gidajen rediyo, don matan ƙauye rediyo suke ji. A kuma riƙa liƙa adadin kuɗin da asibitin ya karɓa a kowane zango, kwamitin unguwa ya gani, mai unguwa ya gani.

Ka yi aiki a hukumar lafiya matakin farko daga 2008 zuwa 2011, ka zauna da sarakunanmu a kan rigakafin shan inna lokacin da mutane ke rufe ƙofa idan sun hango masu ɗigo, har aka kai ga nasara. Ka san garuruwan nan, ɗan Misau ba sai an yi masa kwatancen asibitin karkara ba. Ina roƙon wata rana ka shiga sashen gaggawa na yara a wani babban asibitin ƙaramar hukuma da dare, a watan Satumba lokacin da zazzaɓi ya fi kamari, ba jiniya, ba sanarwa, ka karɓi takarda ɗaya daga hannun wata uwa ka bi ta da ƙafarka har ka haɗo abin da aka rubuta.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naka,
Wani uba, malamin firamare daga bakin iyaka.